Gorar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Akwai abin da nake tsoro, kuma gara in faɗe shi tun farko ko da za a yi mini dariya. Ina tsoron wani ɗan gari mai laushi kamar hoda, wanda ake tararwa da safe a gindin bango ko a kan matashi. Duk ɗakin da na shiga, kafin in gaisa da masu shi sai idona ya zaga ƙasa. Ban kasance haka ba sai da na san abin da ya sami wani tsohon magini a cikin gidansa, a hannun ɗan da ya haifa. Ga yadda abin ya kasance.

Ɗakin da abin ya faru yana bakin gida ne, daura da filin da ma'aikata ke tsaga gora. Bangonsa na jar ƙasa ne, an yi masa yaɓe sumul. Rufinsa ciyawa ce a kan gorori da aka jera reras, suna ta sheƙi. Babban ɗan gidan ne ya gina shi, wanda kowa ke kira Injiniya, sana'arsa kuwa gina gidajen ƙasa da gora ga mutanen da suka gaji da zafin siminti da kwano. Ya gina ɗakin ne don ya zama abin nuni, duk mai son gida a kawo shi ya gani da idonsa. Da aka gama sai ya ɗauko mahaifinsa daga tsohon ɗakinsa na cikin gida ya sa shi a nan, tsohon ɗakin kuma aka mai da shi ofis.

Auta ce ta kwaso kayan Baba ranar. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tela ce mai shago a ƙarshen layi, kuma tun rasuwar mijinta ta dawo gidan tana zaune ƙarƙashin yayanta. Baba ya yi shekara arba'in yana gini kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu haske da duhu kaɗai yake bambancewa, amma kunnensa da hannunsa suna nan daram.

Da suka shiga ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya shaƙi iska, ya shafa bango ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga sandarsa sama ya ƙwanƙwasa babbar gorar tsakiya, wadda ke ɗauke da nauyin rufin. Ya sake ƙwanƙwasawa. Auta ta ga fara'arsa ta dushe.

Ya ce, "Wannan gorar ba ta sha ruwa ba."

Injiniya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya yi dariya. "Baba ke nan! Ko zama ba ka yi ba ka fara duba aiki. Zamani ya canza, Baba. An shafe ta da man sheƙi har sau uku, ko sauro ba zai sauka a kanta ba."

"Mai a waje yake tsayawa. Zaƙin kuwa a ciki yake."

Auta ta san abin da yake nufi, domin a kan wannan karatun suka tashi. Ba a saran gora sai ta shekara huɗu, kuma ba a saran ta da damina lokacin da take cike da ruwan zaƙi. In an sare ta sai a nutsar da ita a ramin jiƙo da gishirin magani har mako shida, zaƙin ya fita, sannan ta bushe a inuwa wata biyu. Wadda aka yi wa haka, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa tar, kuma don ƙarko takan binne wanda ya ɗora ta, ya mutu ya bar ta. Wadda ba a yi wa ba, sautinta a dushe yake, kuma abincin ƙwaro ce. Injiniya ya san duk wannan, ga ramin jiƙon nan ma a filinsa. Amma baƙin farko sun ba shi mako uku ne kawai, gorar da ke rami ba ta isa fitowa ba, sai ya sa aka saro ɗanya aka ɗora.

Ya rage murya ya ce, "Na ɗan lokaci ne, Baba. Da zarar baƙi sun gani sun tafi, zan sauke rufin in ɗora na gaske."

Baba ya ce, "Sauri ya haifi nawa," ya lalubi gado ya zauna.

Baƙi suka zo suka tafi, wasu suka biyo bayansu. Aka ɗauki hoton ɗakin da Baba zaune a ƙofarsa cikin farar riga, aka buga a takardun talla. Duk wanda ya zo, Injiniya yakan dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Ba zan gina muku abin da ban yarda da shi ba. Kun ga, da mahaifina na fara." Baƙi su yi ta sa albarka, suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Maganar sauke rufi ba ta ƙara tashi ba.

A wata na biyar Auta ta fara ganin garin. Ta shigo da safe da shayin Baba, ta tarar da shi a kan matashi da gefen tabarma, 'yan tsibi-tsibi kamar an auna da cokali. Ta ɗaga kai ta ga ƙananan huji a jikin gorori, kamar an bi su da allura. Ta share ta zubar. Kashegari ya dawo.

Da tsakar rana, in ma'aikata sun tafi cin abinci fili ya yi tsit, sai Baba ya ɗaga yatsa ya ce, "Saurara. Maƙwabtana na sama sun fara. Su ba sa hutun rana."

Ta kasa kunne. Wata 'yar ƙara ce siririya, ƙas-ƙas-ƙas, daga ko'ina a rufin.

"Baba, in gaya wa Yaya?"

"Ya sani. Shi ma da kunnensa aka haife shi."

Duk da haka ta gaya masa. Ta same shi a ofis yana zane, bai ko ɗago ba ya ce, "Na ji. Kin ga ina da baƙi Litinin da Alhamis, yaushe zan buɗe rufi? Ki dinga sharewa da wuri kafin kowa ya shigo, shi ke nan." Matarsa kuwa, wadda Auta ke kira Anti, cewa ta yi, "Ƙurar titi ce. Ke ma dai, Auta, da neman magana. Ɗakin da mutane ke zuwa daga nesa su ɗauki hoto?"

Sai tari ya kama Baba. Da fari na safe ne kawai, daga baya ya zama na yini, irin mai ƙaiƙayi da ke sa hawaye. Garin yana sauka a shayinsa, a gashin girarsa, a cikin idon da dama ba ya gani. In Auta ta kawo abinci sai ta rufe shi da faranti, yana ci tana riƙe da mayafinta a saman kansa kamar laima. Ta kai shi asibiti, likita ya saurari ƙirjinsa ya tambaya ko yana zama kusa da injin niƙa. Ya rubuta magani, ya ce amma maganin gaske shi ne a raba shi da ƙurar.

Ta kai wa Injiniya wannan magana. Washegari ya sayo farin yadi aka ɗaura a saman gadon, ya kuma sa ma'aikata suka bi hujin da danƙo suka toshe, suka sake shafe gororin da man sheƙi. Warin man ya cika ɗakin kwana huɗu, Baba ya yi tari har ya kasa sallah a tsaye. A kwana na biyar ƙwarin suka huda sababbin ƙofofi kusa da tsofaffin. Yadin kuma, duk ranar baƙi sai Anti ta kwance shi ta ninke, wai yana ɓata hoto.

Auta ta je ta sami Baffa, ƙanen Baba, ko zai sa baki. Ya zo ya zaga ɗakin yana riƙe da hannu a baya, ya sha lemon da Anti ta kawo masa, sannan ya ce, "Yaya, ka gode wa Allah. 'Ya'yan wasu ko leƙa iyayensu ba sa yi, kai naka ya gina maka ɗaki kamar na amarya. Tari kuwa, wa ya kai shekarunmu bai yi tari ba? Ni ma nan da ka gan ni fama nake." Ya juya ga Auta. "Ke kuma ki iya bakinki. A inuwar wa kike zaune?"

Ta sunkuyar da kai, domin tambayar ba ta da amsa biyu.

Da damina ta sauka ciyawa ta sha ruwa ta yi nauyi, Baba ya fito da wata dabara. Duk ranar Asabar sai ya sa Auta ta riƙe masa hannu, ya bi gororin ɗaya bayan ɗaya da sanda yana ƙwanƙwasawa. "Wannan ta tafi. Wannan ma ta tafi. Wannan da saura." Inda ya ji da saura, nan za su ja gadon. Haka gadon ya yi ta ƙaura, daga tsakiya zuwa jikin taga, daga jikin taga zuwa bangon gabas, har ya ƙare a lungun bayan ƙofa, inda rufin ya fi gajarta kuma bango ke tallafe da shi.

Baba ya ce, "Kin ga ikon Allah, makaho yana yawon duniya a kan gado."

Ta yi dariya don ya ji, hawaye kuwa na bin kuncinta.

Ranar ce ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baba, don Allah ka faɗa wa baƙin nan. Kai in ka yi magana za a ji. Kalma ɗaya kawai, Yaya zai sauke rufin nan ko ba ya so."

Ya jingina sandarsa da gado. Sannan ya ce, "Auta, na yi shekara arba'in ina kallon mutane suna rushe abin da na gina suna sa bulo. Yaran da na koya wa aiki sun koma dakon siminti. Har kunya ake ji a ce gidan mutum na ƙasa ne. Sai ga yayanki ya je makaranta ya dawo, masu motoci suna tsayawa a ƙofata suna shafa bango suna cewa, ashe haka ƙasa take da sanyi. In na buɗe baki, kina tsammani za su ce Injiniya ne ya yi gaggawa? Cewa za su yi gora ba ta da ƙarko, aikin mutanen da ne. Sana'ar za a binne gaba ɗaya." Ya yi tari ya share baki. "Kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"To kai fa, Baba?"

"Ni saura nawa?"

Wata Litinin aka ce manyan baƙi na tafe, ƙungiyar mata masu sana'a da suka haɗa kai suka sami fili. Tun da sassafe gidan ya rikice. Auta ta share ɗakin sau biyu. Anti ta shigo ta kwance yadi, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon gadon.

"Wannan wane irin abu ne? Gado a bayan ƙofa kamar na mai gadi? Baba, ku yi haƙuri ku ɗan tashi." Ta kira ma'aikata biyu suka mai da gadon tsakiyar ɗaki, daidai ƙarƙashin babbar gora, ta shimfiɗa sabon zane ta jera matasai.

Auta ta ce, "Anti, wannan gorar ce Baba ya ce ta fi kowacce lalacewa."

"Awa ɗaya ce fa. Suna tafiya a mayar. Ko a awa ɗayan sama za ta faɗo?"

Shugabar ƙungiyar dattijuwa ce mai sanyin murya. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaida Baba yadda ya kamata. Ta ce gida ashirin suke so, yawancin matan da 'ya'yansu suke, wasu da tsofaffin iyaye, kuma masu gidajen da suke ciki sun ba su wata huɗu su tashi. Injiniya ya ce wata huɗu ya isa har da saura.

Auta ta dubi Baba. Ta ga yatsunsa suna motsi a kan sanda, ta san abin da yake aunawa. Gorar da ke ramin jiƙo ko gida uku ba za ta rufe ba, sabuwa kuwa in za a yi mata yadda ya kamata, wata huɗun a rami da inuwa zai ƙare.

Shugabar ta matso ta ce, "Baba, ni ban san gini ba. Ɗinki na sani da saƙa. Amma an ce kai tsohon magini ne, kuma kai kake kwana a nan. Ka gaya mini kamar 'yarka ce ke tambaya. In sa matan nan da 'ya'yansu a ƙarƙashin irin wannan rufin?"

Auta tana jin ƙas-ƙas ɗin nan a sama, tana mamakin yadda su ba sa ji. Injiniya ya dafa kafaɗar mahaifinsa, ta ga yatsunsa sun ɗan matsa.

Baba ya ce, "Gora abin arziki ce, 'yata. In an yi mata abin da ya kamata, takan binne mai ita."

"Wannan ɗin fa? An yi mata?"

Baba ya ce, "Ɗana ne ya gina. Alhamdu lillahi."

Shugabar ta yi murmushi ta ce hankalinta ya kwanta, za su dawo ranar Alhamis ta sama su sa hannu. Injiniya ya raka su zuwa mota, daga can ya wuce da su duba filin ƙungiyar. Anti ta shige cikin gida. Ma'aikata suka tafi cin abinci. Auta ta ce bari ta kira wani su mai da gadon.

Baba ya ce, "Bar shi. Na gaji." Muryarsa ta zama ta wani daban. Ya kwanta ya juya fuska. "Ki je shagonki, masu kaya na jira."

Ta gwada jan gadon ita kaɗai yana kai, ya ƙi motsi. Ta ce a ranta za ta je ta sallami mutum biyu ta dawo kafin ma'aikata su gama cin abinci. Tana kan keke tana ɗinka hannun riga aka soma ruwa mai ƙarfi. Ba ta ji ƙarar ba. Mai gadin filin ne ya shigo shagon a jiƙe, ya ce, "Ki zo."

Babbar gorar ta karye a tsakiya, kamar busasshen kara. Cikinta babu komai sai gari, ya bazu ko'ina, ruwa yana zubowa ta ɓarakar yana mai da shi taɓo. Rabinta ya sauka a kan kwatangwalon Baba da jiƙaƙƙiyar ciyawa a kai. Bai yi ihu ba. Da ma'aikata suka ɗaga gorar, abin da ya fara cewa shi ne, "Ku rufe ƙofar gida, kada masu wucewa su gani."

A asibiti aka yi hoto, aka ce ƙashi ya karye a wurin da ba ya saurin haɗewa ga mai shekarunsa. Nas tana cike takarda ta tambayi yadda abin ya faru. Auta ta buɗe baki, Injiniya ya riga ta.

"Santsi ne ya kwashe shi a banɗaki. Kin san tsofaffi, ba sa son a riƙe su."

Nas ta dubi Baba. Ya rufe ido ya ce, "Haka ne."

Da Auta ta koma gida ɗauko masa kaya bayan kwana biyu, ta tarar da ɗakin kamar ba abin da ya taɓa shi. An sa sabuwar gora a tsakiya, an gyara ciyawa, an sake shafa mai, an goge ƙasa. Gora ɗaya aka sauya, sauran suna nan yadda suke. A gindin bango garin safiyar ya riga ya taru. Anti ta miƙo mata tsintsiya ta ce, "Tunda kin zo, ɗan taimaka." Ta karɓa ta share, domin hannunta ya saba. Sai da ta zubar ta tsaya tana kallon tsintsiyar. Wata tara ke nan kullum ita ke ɓatar da shaidar kafin gari ya waye sosai. Yaya ya sara, Anti ta ja gado, Baffa ya sha lemo, amma sharar tata ce.

Kwana tara Baba ya yi a gadon asibiti. Tarin ya ɗan lafa, amma ya daina ba'a, abinci ma sai an lallashe shi. Bai taɓa kukan ƙafarsa ba. Abu ɗaya yake ta maimaitawa in su biyu ne.

"Gida nawa ta ce?"

"Ashirin, Baba."

"Da yara?"

"Da yara."

"Ta ce in gaya mata kamar 'yata." Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne. "Ban taɓa ɗora rufin da na ji tsoron kwana a ƙarƙashinsa ba, Auta. Ko sau ɗaya. Sai da na daina gani, na daina ɗaukar tubali, sannan na gina gida ashirin da bakina."

"Ka faɗa mata, Baba. Har yanzu ba a sa hannu ba."

Ya girgiza kai. "Harshena ba zai iya kiran sunan yayanki a gaban baƙi ba. Na gwada ranar. Kin gani." Ya lalubi gefen gado har ya taɓa sandarsa, ya tura ta wajenta. "Riƙe mini wannan. Ni ba inda za ni da ita yanzu."

Ranar Laraba aka sallame shi. Injiniya ya zo da mota da keken guragu sabo fil, Baffa yana biye da shi. Ya duba takardun magani, ya gode wa nas, ya tsuguna a gaban mahaifinsa. Auta ta ga idonsa ya faɗa, ta san shi ma bai samu sukuni ba kwanakin nan, sai dai hakan bai sauya abin da ya fito daga bakinsa ba.

"Baba, an gyara ɗaki tsaf. Gobe kaɗai nake roƙo. Shugabar nan ta ji ka zame, ta ce lallai sai ta gaishe ka. Ka zauna a ƙofa, ku gaisa, a sa hannu. Wallahi daga nan zan sauke rufin gaba ɗaya."

Auta ta ce, "Haka ka ce ranar da muka shiga da kayansa."

Ya juyo. "Da ke nake magana?"

"Gidaje ashirin ɗin fa, Yaya? Da wace gorar za ka rufe su?"

"Wannan aikina ne. Mutum goma sha huɗu ke ci a filin nan, har da ke. In aikin nan ya kuɓuce, ke za ki ciyar da su da keken ɗinki? Kuma sunan wa nake ɗagawa in ba na Baba ba?"

Baffa ya ce, "Ke Auta, a asibiti? Gaban mutane? Abin gida a gida ake kashe shi. Tsautsayi ne, ya riga ya wuce."

Ta dubi Baba. Yana zaune a keken, ya ƙanƙance, hannuwan nan da suka ɗaga bangaye suna kwance a cinyarsa a buɗe. Bai ce ta yi shiru ba. Karo na farko ke nan da bai kare ɗansa ba.

Ta san daga yau ba ta da ɗaki a gidan, kuma dangi za su daɗe suna kiran ta wadda ta tona asirin ɗan'uwanta. Ta tuna ɗan ɗakin bayan shagonta, inda take ajiye yadi, mai rufin kwano, irin wanda Baba ya yi shekara arba'in yana kira tanda. Ta zagaya ta kama hannun keken, ta ɗora sandar a kan cinyarsa ta dafe da hannu ɗaya, sannan ta ɗaga murya yadda nas da masu jinya na gadajen kusa za su ji.

"Baba ba a banɗaki ya faɗi ba. Rufi ne ya faɗo masa, kuma ba zai ƙara kwana a ƙarƙashinsa ba. Bayan shagona zan kai shi. Baba, ka yi haƙuri, kwano ne, akwai zafi, amma ba zai sauko maka ba. Kai kuma Yaya, ka ji da kyau tun yau, kada ka ce na yi maka ba-zata. Na ajiye tsintsiya. Gobe in matar nan ta zo za ta same ni a ƙofar ɗakin, zan ba ta sandar Baba a hannunta, in ce ta ƙwanƙwasa da kanta."